Ka jira sabbin laftof na 2026 ko ka sayi wadda ke hannu yanzu?

Shekaranjiya da la'asar ɗan yayata ya faɗo shago da waya a hannu, ko sallama bai gama ba ya miƙo min ita yana cewa "Kawu duba, wai Apple za su fiddo laftof mai araha, ni na fasa sayen waccan, jira zan yi." Yaron nan a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yake, bana zai rubuta memuwar ɗinshi, kuma jikka 300 ɗin da ke aljihunshi ba daga sama suka faɗo ba, uwarshi ta saida ragunan da ta yi kiwo babanshi ya cika sauran. Kuma ba shi kaɗai ba ne, tun da watan Disamban nan na 2025 ya kama kusan kullum sai wani ya zo min da irin wagga tambaya, ɗalibai ne, masu aikin ONG ne, har da wata hajiya mai sakatariya da ke buga wa mutane takardu. Kowa ya ga bidiyo, kowa ya ji an ce wata sabuwa na tafe wadda za ta fi ta yanzu ƙarfi kuma ta fi ta sauƙin kuɗi. Shi ya sa na ce bari in zauna in baje maganar yadda na fahimce ta, tunda aikina ke nan buɗe cikin kwamfutoci ina ganin abin da ke kashe su a garin nan namu Maradi.

Da farko a raba abin da kamfanoni suka faɗa da bakinsu da abin da yake jita-jita ne kawai, don mutane na cakuɗa su.

Intel dai sun yi magana. A watan Oktoba 2025 suka bayyana sabon furosesonsu, wato ɓangaren da ke yin lissafin kwamfuta, da suke kira Panther Lake, a kasuwa sunanshi Core Ultra jeri na 3, a masana'antarsu ta Arizona ake yinshi da sabuwar fasahar da suka sa wa suna 18A, kuma sun ce a Janairu 2026 zai fara samuwa sosai. Ya yi daidai da baje kolin CES da ake yi a Las Vegas farkon kowace shekara, can ne HP da Dell da Lenovo da Asus ke nuna sabbin kayansu. Alkawarin da Intel suka yi shi ne ƙarfi babba da cin batir kaɗan a lokaci guda, da gurafik mai kyau wanda zai iya ɗaukar montaj na bidiyo ba sai da kati na daban ba. Qualcomm su ma a watan Satumba 2025 sun nuna furosesonsu Snapdragon X2 Elite, mai kai wa har zuciya 18, wato sassa 18 da ke raba aiki a cikinshi, suka ce kwamfutocin da ke ɗauke da shi za su fito a rabin farko na 2026. A Disamban 2025 waɗannan biyun tabbas ne suna tafe. Abin da ba su faɗa ba shi ne nawa za a saida su, don ba su ke sa farashin laftof ba, masu haɗawa ne.

Ta Apple ɗin da ta ɗauke wa yarona hankali kuwa, har zuwa Disamban 2025 kamfanin bai ce uffan ba. Masu bin diddigi ne irin su Ming-Chi Kuo da Mark Gurman na Bloomberg suka ce ana shirya MacBook ƙarama, allo wajen inci 13, da furoseso irin na iPhone maimakon jerin M, kuma kuɗinta zai sauko ƙasa da dala 1000 sosai, wasu ma na kiran 599 zuwa 699. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Mutanen nan biyu sun sha faɗin abu ya tabbata, ni ma na yarda akwai ƙamshin gaskiya, amma ka lura da abu guda: furoseson da ake ambata, A18 Pro, a cikin iPhone 16 Pro da RAM 8GB yake tafiya, RAM ɗin shi ne wurin da inji ke riƙe aikin da yake kai, kuma Apple ba sa barin a ƙara RAM bayan an saya. Sai kuma MacBook Air mai M5 da a lokacin ake sa rai wajen bazarar 2026, tunda M5 ɗin ya riga ya fito a Oktoba 2025 cikin MacBook Pro mai inci 14 a kan dala 1599, ita kuma Air mai M4 a watan Maris 2025 ta fito, to lissafi ya nuna ƙanwarta ba za ta yi nisa da wannan lokacin ba. Akwai ma zancen MacBook Pro mai allon OLED da ake taɓawa kamar waya, wai ƙarshen 2026 ko farkon 2027, wannan ni ban ma ɓata lokaci a kanta, wanda zai iya sayenta ba ya buƙatar shawarata.

Yanzu ga abin da bidiyoyin ba sa tsayawa a kai, kuma shi ne ya fi damuna. Da can in ka jira riba kake ci, sabuwa ta fito tsohuwa ta karye, kowa ya san haka. Bana lissafin ya juye saboda RAM. Kamfanoni uku ne ke yin kusan duk RAM ɗin duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu sai Micron na Amurka, kuma su ukun sun karkata wajen yi wa manyan cibiyoyin AI aiki don can ribar take, mu masu laftof da waya muka koma bayan layi. A farkon Disamba 2025 Micron suka sanar cewa za su daina saida kayan Crucial, wato RAM da disk ɗin ajiya na SSD da suke yi, ga ɗaiɗaikun mutane, zuwa ƙarshen Fabrairu 2026 shike nan, kuma duk mai gyara ya san Crucial, ita muke sa wa mutane shekara da shekaru. Tsohuwar RAM ɗin nan DDR4 ma da ke cikin ƴan okaziyo ba ta tsira ba, don suna rage yinta. Ni da kaina sandar 8GB da nake ɗaukowa ba tare da na yi tunani ba, yanzu sai na kira mai kayan sau biyu na tabbatar da kuɗin kafin in faɗa wa mai kwamfuta, don na jiya ba shi ne na yau ba. To in RAM da SSD sun yi tsada, ƙaƙa sabuwar laftof za ta zo da araha? Abu biyu ne zai faru, ko su ƙara kuɗi, ko su bar kuɗin yadda yake su rage abin da ke ciki, ka ga 8GB inda ya kamata a ce 16 ne. Na biyun ya fi ban tsoro don mai saye ba ya gani, kwali yake kallo.

Sai maganar lokaci. In an ce abu ya fito a Janairu, a Las Vegas ya fito. Kafin ya cika shagunan Amurka da Turai wata ɗaya biyu, kafin ƴan kasuwarmu su same shi a Dubai ko Sin da farashin da za su iya ɗauka wasu watanni, sannan ya biyo jirgi zuwa Yamai ko ya sauka Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya shigo ta Dan Issa, a biya duwan a biya mota kowa ya ɗora nashi. Kuma na farko da ke isowa kullum masu tsada ne. Azumin 2026 cikin Fabrairu yake, ni ban ga alamar za ka riƙe Panther Lake a hannunka a Maradi kafin babbar sallah da kuɗin da mai hankali zai biya ba. Ɗalibin da zai kare memuwar bana ba ya da waɗannan watannin, mai sakatariya ma kowace rana da injinta ke tsaye kuɗi ne ke wuce ta.

Ko farashin da ake kira a bidiyo ma ba namu ba ne. MacBook Air M4 a 2025 dala 999 aka sa mata a Amurka ba tare da haraji ba, wajen jikka 560 ke nan a canjin ƙarshen 2025, amma lokacin da ta fito a Faransa yuro 1199 aka sa mata, kuma yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, ka ga ta haura jikka 780 tun ba ta hau jirgi ba. Mi ya kawo Faransa cikin zancen? Kilabiye. Mu nan da faransanci muke rubutun lakkol da na ofis, hannunmu ya saba da AZERTY, kuma kayan Amurka da Dubai da Kano galibi QWERTY ne, babu é babu è babu ç a jiki. A kan ThinkPad ko EliteBook sai in kwance kilabiyen in sa wani, ko a manna ƴan takardun haruffa a canza saiti a wuce wurin. A kan MacBook kilabiyen a haɗe yake da gangar jikin injin, canza shi babban aiki ne. Saboda haka ko ta dala 599 ɗin ta tabbata, in ta iso nan da AZERTY kar ka yi tsammanin jikka 300 za ta ɗauke ta.

Amma bari in yi adalci, akwai abin da sabbin nan suka fi tsofaffi da shi nesa ba kusa ba, kuma abu ne da ya shafe mu fiye da Turawan da aka yi dominsu: batir. Wanda ya yi zaman garin nan a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke layin wuta ya san darajar kwamfutar da ke yini ba a jona ta ba, kuma ko yanzu in zafi ya shigo kowa ya san yadda kuran ke yi. MacBook Air tun daga M1 ta 2020, da masu Snapdragon X, da Intel Core Ultra 200V da suka fito a Satumba 2024, duk suna iya kai ka daga hantsi har magariba da aikin Word da intanet. Ƴar okaziyo mai shekara shida in ta ba ka awa uku huɗu ka gode Allah. Wannan bambanci ne na gaske, ba talla ba ce. Sai dai ka duba, duk waɗanda na lissafa suna kasuwa tun yanzu, ba sai ka jira 2026 ba.

Air ɗin tana da wani abu kuma da nake so, ba ta da fanka sam. Makon jiya na buɗe wata laftof da mai ita ya ce tana mutuwa da kanta bayan minti goma, da na ɗaga murfin ƙasa abin da na tarar tsakanin fanka da ragar da iska ke fita kamar an yanka tsohon bargo an cusa, ƙurar hunturu ce ta haɗu da zaren katifa ta dunƙule ta yi tauri, sai da na sa hantsaki na zaro ta gaba ɗaya a jere kamar igiya. Injin da ba ya da fanka ba ya shaƙar wagga ƙura. To amma zafi fa? Apple da kansu sun rubuta cewa a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 da 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40 a inuwa. In rubutu ne ba matsala, in montaj ne mai nauyi cikin ɗaki mai rufin kwano, za ta rage gudu don ta kare kanta tunda ba abin da zai fitar mata da zafin. Kuma zafin nan shi ke kumbura batir ko ta wane kamfani ce, sau nawa ake kawo min inji wurin linzamin ya taso sama kamar burodi, batir ne ya kumbura daga ƙasa ya tura shi.

Nan ne maganar gyara ta shigo, kuma nan ne ni zuciyata ta fi karkata. Sabbin sirara ɗin nan kusan komai a liƙe yake da allon uwa, wato babban faifan da ke cikin inji. MacBook RAM da SSD duk a liƙe, in allon uwar ya ƙone ba wanda zai zaro maka disk ya ceto takardunka. Core Ultra 200V RAM ɗin ma a jikin furoseson yake, 16 ko 32, abin da ka saya da shi za ka ƙare. An ce Panther Lake ya fidda RAM daga jikin furoseso, hakan ya yi, amma masu haɗa sirara za su iya liƙe shi a allon uwa duk da haka, sai ka tambaya inji-inji. Ita kuwa ThinkPad T480 ko EliteBook 840 G5 da G6 ko Latitude 5490, sukurori ƴan kaɗan ka ɗaga murfi, ramin RAM biyu, SSD na fita, batir na fita, fanka na fita, kuma kayansu sun cika Kano, abin da babu a nan kwana biyu uku ya iso. T480 ma batir biyu gare ta, ɗaya ciki ɗaya a waje da za ka zare ka sa wani ba tare da ka kashe ta ba. Kuma da yake tana caji da USB-C, in kana da fawa bank mai 65W ko fano da batir a gida da ƴar cajar mota mai USB-C, matsalar awa uku ɗin nan ta ragu sosai.

Snapdragon kuwa, tsohon ko X2 mai zuwa, ina jan kunne a kanshi musamman ga masu sakatariya da siba. Windows ne a ciki amma ginin furoseson irin na waya ne, manhajoji da yawa na tafiya ta hanyar fassara da ake kira Prism, sai dai direbobin na'urori ba sa bin wannan hanyar, dole sai an rubuta nasu na musamman. Tsohuwar firinta ko sikana da ka gada tun shekara goma tana iya ƙin magana da ita kwata-kwata. Hajiyar da na ambata firintoci biyu gare ta da injin fotokofi, na ce mata "Hajiya ki bar wannan, ki tsaya kan Intel ko AMD." Ɗalibai ma su tambayi malaminsu wace manhaja za a yi aiki da ita kafin su yi sha'awar Mac. Word da Excel da SPSS da Stata da QGIS duk akwai na Mac, amma ArcGIS Pro da Access da Epi Info na Windows ne, kuma ƴan agoronomi da ƴan kiwon lafiya sun san sau nawa ake tura su can.

Tambarin AI ɗin da ake mannawa, Copilot+ PC, kar ya ɗauke ka. Sharaɗinshi NPU, wato ɓangaren furoseso mai aikin AI, mai ƙarfin TOPS 40 a ma'auninsu, da RAM 16GB, kuma 16GB ɗin ne kawai abin da zai amfane ka a ciki. ChatGPT da ire-irenshi a intanet suke aiki, ko a inji na 2018 haka za su amsa maka muddin kana da megas.

To in okaziyo za ka saya, ga inda ake cutar mutane. Windows 10 Microsoft sun daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025, akwai ƙarin wa'adi na tsaro har Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista, daga nan kuma sai Windows 11, ita kuma a hukumance sai Intel ƙarni na 8 zuwa sama ko Ryzen na AMD jeri na 3000 zuwa sama a laftof, da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Shi ya sa kamfanonin Turai ke ta zubar da ƴan ƙarni na 6 da na 7, kuma ina za su zo in ba wajenmu ba. Za a ce maka "Core i5 ce" ko "i7 ce" a tsaya nan, kai kuma ka nemi lambar da ke biye, farkonta shi ke nuna ƙarnin. i5-6300U da i5-7300U ka bar su ko nawa aka rage maka, i5-8250U ko 8350U zuwa sama su ne daidai, kuma bambancin ba na takarda ba ne kawai, na 7 zuciya biyu gare shi na 8 huɗu. Ka lura ko T480 da 840 G5 ɗin da na yaba akwai waɗanda aka yi da na 7 a ciki, kwali ɗaya suna ɗaya, kuma ana iya dannawa a sa musu Windows 11 ta bayan gida ka gani ka ɗauka komai lafiya. In kuɗinka ya kai ka hau sama kaɗan, T14 ko EliteBook 840 G8 ko Latitude 5420 masu ƙarni na 10 da 11, za su fi daɗe maka. Kafin ka ba da kuɗi ka buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batir na asali da wanda ya rage, ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba kalmar sirri, ka danna kowane harafi a kilabiye, ka bar bidiyo na gudana minti goma sha biyar hannunka na gefen da iska ke fita. In Mac ce okaziyo, mai ita ya fidda iCloud ɗinshi a gabanka a goge ta a kunna ta daga farko kana kallo, in ba haka ba ƙarfe ka saya.

Wa ya kamata ya jira ke nan? Wanda injinshi ke aiki lafiya yau, yana da 16GB ko ya ishe shi, kuma yana da wajen miliyan a shirye, misali mai montaj na bukukuwa ko injiniya mai zane. Shi ya bari CES ta Janairu 2026 ta wuce, masu gwaji su gwada Panther Lake da gaske a ga ko batir ɗin ya kai yadda aka faɗa, in ya kai ya saya wajen damina. Mai son Mac da ke da kuɗinta shi ma in zai iya haƙuri zuwa Maris 2026 ya yi, don Apple sun saba riƙe farashi in sun canza furoseso, ko dai ya samu M5 ko ya samu M4 an rage mata. Wanda kuma ke da jikka 500 zuwa 700 yana son sabuwa dal, ni ProBook ko ThinkPad E ta bara mai ramin RAM zan nuna mishi yanzu-yanzu kafin tsohon kaya ya ƙare a shaguna a shigo da na sabon farashi, kuma ya cika ta 16GB tun a wurin.

Shi yarona na zaunar da shi na tambaye shi yaushe malaminshi ke son babi na farko, ya ce ƙarshen Janairu. Na tambaye shi da mi zai yi taswirorin gonakin da ya auna a Tibiri, ya ce ArcGIS aka koya musu. Ya yi shiru yana juya wayar a hannu, can ya ce "To Kawu ka duba min wadda ka ce." Mun samu 840 G8 mai ƙarni na 11, RAM 16, SSD 512, batir ɗin ya nuna saura kashi 84, kilabiye QWERTY ne na riga na aika a kawo AZERTY daga Yamai, canjin da ya rage zai sayi fawa bank da disk na waje don ya riƙa ajiye kwafin memuwar duk Juma'a. Asabar zai zo mu sa mata manhajojin.